Yadda Ake Tsara Gaba da Ƙwaƙwalwar da Ba Ta Ɗaukar Kaya da Yawa

Gwada wannan kafin ka ci gaba: ninka 47 sau 36 da ka, ba biro ba waya. Yawancin mutane sukan fara lafiya lau. Su sami 47 sau 30, wato 1,410, su ajiye a gefe, su juya kan 47 sau 6. Kafin su kai ga 282, sai su waiwaya su tarar lambar farko ta sulale. Sun iya lissafin sarai, wurin ajiya ne ya yi musu kaɗan. A wannan ɗan wurin ne mai shirin mako mai zuwa ko shekara mai zuwa yake aiki, kuma tsare-tsare da yawa tun a nan suke fara tsagewa.

Mu kira wurin teburin tunani, inda ƙwaƙwalwa ke baje abin da take aiki a kai yanzu-yanzu. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya kiyasta cewa teburin yana ɗaukar abubuwa bakwai, a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake bin diddigin gwaje-gwajen da aka yi, ya nuna cewa idan aka hana mutum maimaita abu a zuci ko haɗa shi rukuni-rukuni, adadin ya fi kusa da huɗu. Shiri kuwa rassa yake yi kamar bishiya. Idan aiki yana da matakai biyar, kowane mataki da zaɓi huɗu, hanyoyin da ke gabanka 1,024 ne. Babu mai iya bin su duka da ka. Herbert Simon, wanda ya karɓi lambar Nobel ta tattalin arziki a 1978, a kan wannan ya gina aikinsa: ɗan Adam yana yanke shawara ne da ƙarancin lokaci, ƙarancin bayani da ƙarancin ƙarfin lissafi, don haka tunani shi ma kaya ne mai tsada da ake kashewa da tattali. Matakan da ke biye hanyoyi ne na wannan tattalin.

Mataki na farko: sauke kayan a takarda

Ware minti goma sha biyar zuwa ashirin, da takarda ɗaya. Rubuta duk abin da ke yi maka kai-kawo a rai game da aikin, babba da ƙarami, ba tare da ka jera su ba. Jerawa aiki ne daban, kuma idan ka haɗa shi da tunowa, dukansu biyun za su gurgunce. Taura biyu ba ta taunuwa.

Bayan ka gama, koma kan kowane layi ka rubuta a gabansa abu na gaba da hannu ko ƙafa za su yi, da lokacin yinsa. "Maganar haya" ba ta isa ba. "Kiran mai gida ranar Talata da safe, a tambayi ranar miƙa maƙulli" ita ce ta isa. Tun 1927 Bluma Zeigarnik ta lura cewa aikin da aka bari a tsakiya yakan maƙale a zuciya. A 2011 E. J. Masicampo da Roy Baumeister suka gwada wani abu mai amfani a kan haka: mutanen da suka rubuta takamaiman yadda da lokacin da za su yi aikin da ke jiransu sun daina samun kutsen tunaninsa yayin da suke karatu, alhali ba su taɓa aikin ba tukuna. Jerin sunayen ayyuka kawai ba ya ba da wannan sauƙin, shi ya sa wasu ke rubuta doguwar takarda su tashi kansu ya fi da nauyi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne warwatsa rubutun: wani a waya, wani a bayan ambulan, wani a saƙon da ka tura wa kanka. Daga nan sai ƙwaƙwalwa ta koma riƙe inda ka ajiye kowanne. Wuri ɗaya kawai.

Mataki na biyu: yanke abin da ya isa tun kafin ka fara dubawa

Simon ya bambanta mai neman mafi kyau da mai neman wanda ya isa. Na farko dole ya ga dukkan zaɓi kafin ya tsaya, na biyu kuwa yana tsayawa ne da zarar ya sami wanda ya cika sharuɗɗansa. Ga yawancin shawarwari, na biyun ne ke cin riba, domin lokacin da ya rage masa yakan fi ɗan bambancin da na farko ya samo.

Rubuta sharuɗɗa uku, kada su wuce huɗu, kuma su zama masu aunuwa. Mai neman gidan haya zai iya cewa: kuɗinsa kada ya wuce kaza, tafiya zuwa wurin aiki kada ta wuce minti arba'in, ɗakuna biyu. Sai ya sa iyakar bincike, misali gidaje shida ko kwana goma. Na farkon da ya cika ukun, a ɗauka. Dalilin rubutawa tun da wuri shi ne sharuɗɗa suna da halin miƙewa: ka ga gida mai fili, fili ya shiga jerin, ka ga mai baranda, baranda ta shiga, har ka wayi gari babu gidan da zai gamsar da kai.

Akwai togaciya. Shawarar da ba a iya warwarewa, ko wadda warwarewarta ke da tsada sosai, ta cancanci dogon nazari. Tambayi kanka: idan na yi kuskure a nan, kwana nawa zai ɗauke ni in gyara? Idan amsar kwana ɗaya ce, kada ka ba shawarar fiye da minti goma.

Mataki na uku: sare rassa, amma ka san wanda kake sarewa

A darar ces, ɗan wasa yana da zaɓi wajen talatin a kowane motsi. Da wannan kiyasin masanin lissafi Claude Shannon ya ƙirga yawan hanyoyin wasan a 1950. Motsi ɗaya naka, ɗaya na abokin karawa, hanyoyi 900 ke nan. Uku-uku kuwa sun kai miliyan 729. Sai a ɗauka gwanaye suna cin wasa ne don suna hango nesa fiye da kowa. Adriaan de Groot, masani ɗan ƙasar Holan wanda shi ma ɗan wasan ne, ya sa gwanaye da matsakaita su riƙa faɗin tunaninsu a fili suna zaɓen motsi, a binciken da ya wallafa a 1946. Ya tarar nisan hangensu da yawan hanyoyin da suke dubawa ba su bambanta sosai ba. Abin da ya raba su shi ne gwani tun kallon farko yake jefar da mafi yawan motsin, ya zuba ƙarfinsa a kan 'yan kaɗan masu kyau.

Haka za ka yi da shirinka. A kowace mararraba, bar zaɓi biyu, ko uku idan ya zama dole. Matakai biyar da zaɓi biyu-biyu hanyoyi 32 ne, maimakon 1,024. Fara da jefar da duk wanda ya karya ɗaya daga sharuɗɗan mataki na biyu. Sannan jefar da wanda wani zaɓin ya fi shi ta kowace fuska. Abin da ya rage shi ne ya cancanci a zauna a kansa.

Sai dai ƙwaƙwalwa tana yin wannan saran da kanta, ba tare da ta yi shawara da kai ba, kuma gatarinta yana da son kai. A 2012 Quentin Huys da abokan aikinsa sun ba mutane wani wasan kwamfuta na zaɓen hanya mataki-mataki, inda kowane mataki ke kawo riba ko asara. Sun ga cewa da zarar hanya ta bi ta kan babbar asara, mutane sukan daina lissafa abin da ke bayanta, ko da ribar da ke can gaba ta fi asarar. A rayuwa ma haka abin yake. Hanyar da ta fara da magana mai nauyi da maigida a wurin aiki, ko biyan kuɗi mai yawa a dunƙule, ko komawa aji bayan an girma, takan mutu tun ba a auna ta ba.

Maganin ba wuya. Bayan ka gama sara, ɗauko reshe ɗaya da ka jefar don kawai farkonsa yana da ɗaci, ka tilasta wa kanka bin sa matakai biyu gaba, a rubuce. Idan har yanzu bai yi ba, ka jefar da shi da hujja. Minti biyar yake ci.

Mataki na huɗu: ɗaura dami-dami, ka taho daga ƙarshe

A 1973 William Chase da Simon suka nuna wa 'yan wasan ces allo na daƙiƙa biyar, suka ce su maido da 'ya'yan darar yadda suke. Idan tsarin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yakan yi wa sabon shiga nisa ƙwarai. Idan aka watsa 'ya'yan barkatai, fifikon yakan kusa ɓacewa. Teburin gwani bai fi na kowa girma ba, dami yake ɗorawa a kai inda wani ke ɗora tsinke.

Ɗauki mai ƙaura zuwa sabon gida nan da mako shida. Takardarsa ta mataki na farko tana da layi arba'in. Ya ɗaure su dami huɗu: shirya sabon gida, tattara kaya, mota da masu ɗauka, miƙa tsohon gida. Yanzu zai iya riƙe aikin gaba ɗaya a kansa yana tafiya a hanya, ya kwance dami ɗaya kawai idan ya zauna.

Sai ya fara daga ranar ƙaura ya yi baya. Kafin mota ta zo da safe, dole kwalaye su kasance a ɗaure tun daren jiya, kowanne da sunan ɗakin da zai shiga a rubuce a gefensa, domin idan aka jibge su ba a ganin saman. Kafin a ɗaure, dole a sami kwalayen da abin ɗauri mako biyu kafin nan. Kafin kaya su shiga sabon gida, dole fenti ya bushe, kafin fenti dole mai gyaran famfo ya gama fasa bango, kafin shi kuma dole maƙulli ya zo hannu. Nan take za ka ga cewa maƙullin nan, wanda yake layi na talatin da wani abu a takarda, shi ne ke riƙe da rabin aikin. Mai tsarawa daga farko zuwa ƙarshe yakan fara da abin da ya fi sauƙi ko ya fi kusa da ido, ya yi ta naɗe labule alhali ba a kira mai gida ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ja layi a ƙarƙashin duk abin da ke jiran wani mutum, ka fara tura su tun yau, domin lokacin jira ba a hannunka yake ba.

Game da zurfin tsari, bi wannan ma'auni: kwana biyu zuwa uku masu zuwa a tsara su awa-awa ko aƙalla safe da yamma, sauran mako biyu a tsara su rana-rana, abin da ya wuce haka a bar shi a matsayin dami da ranar da ya kamata ya ƙare. Wanda ya zauna ya cika jadawalin wata uku awa-awa ya ɓata yammacinsa, domin jinkiri ɗaya a mako na farko zai rushe sauran, kuma ganin rusasshen jadawali yakan sa mutum ya watsar da tsarin ɗungurungum.

Mataki na biyar: kada ka yarda da kiyasinka na lokaci

Daniel Kahneman da Amos Tversky ne suka fara bayyana wannan cuta a 1979: mutum yakan kiyasta aikinsa zai ƙare da wuri, ko da ya sha ganin irinsa ya ja. A 1994 Roger Buehler, Dale Griffin da Michael Ross suka tambayi ɗaliban jami'a a Kanada yaushe za su gama kundin kammala karatunsu. Matsakaicin kiyasi kwana 33.9. Da aka ce su faɗi lokacin idan komai ya lalace, suka ce 48.6. Abin da ya ɗauke su a zahiri kwana 55.5 ne, wato ya zarce har mummunan zatonsu. Manyan ayyuka ma ba su tsira ba: babban ɗakin wasannin opera na birnin Sidni a Ostireliya an sa ran gama shi a 1963 kan dalar ƙasar miliyan 7, aka buɗe shi a 1973 bayan ya ci miliyan 102.

Tushen matsalar yana komawa ga teburin nan. Idan kana kiyasi, labari ɗaya kake iya haskawa a kai, kuma wanda ya fi sauƙin haskawa shi ne wanda komai ya tafi daidai. Hanyoyin da abu zai iya karkacewa suna da yawa, kowacce da wuya ta faru, amma da wuya a ce babu ko ɗaya da za ta faru.

Don haka ka bar tambayar "kwana nawa zai ɗauka?" ka koma "kwana nawa irinsa uku na baya suka ɗauka?" Idan ba ka da tarihin, fara tara shi: gaban kowane aiki rubuta kiyasi, bayan an gama rubuta ainihin lokacin. Bayan ayyuka goma, raba jimillar ainihi da jimillar kiyasi. Abin da ya fito shi ne lambarka, da ita za ka riƙa ninka duk sabon kiyasi. Ta ɗaliban can ta kai kusan 1.6. Kafin ka sami taka, ƙara rabin lokacin a kan abin da ka zata. Farfasa aikin gida-gida kafin kiyasi yana taimakawa, domin ƙananan matakai irin su jiran sa hannu, gyaran kuskure da kai-kawo su ne ake mantawa. Rarar lokacin kuma ka tara ta wuri ɗaya a ƙarshen aiki. Idan ka raba ta ga kowane mataki, kowane mataki zai cinye tasa.

Mataki na shida: ɗaura niyya a jikin wani abu da zai faru

"Zan kira shi gobe" tana buƙatar ka tuna da kanka a tsakiyar hidimar gobe, lokacin da teburin ya cika. Peter Gollwitzer ya daɗe yana gwada wata siga daban: "idan kaza ya faru, to zan yi kaza." A 2006 shi da Paschal Sheeran suka tattara gwaje-gwaje 94, suka ga wannan sigar tana ƙara yiwuwar cika niyya sosai. Dalili shi ne ka miƙa aikin tunawa ga abin da ido zai gani. "Idan na zauna a kujerar ofis, kafin in buɗe kwamfuta, zan kira mai gida." Kujerar ce za ta tuna maka.

Alamar ta zama takamaimai, wadda tabbas za ta faru. "Idan na sami sarari" ba alama ba ce, sarari ba ya sallama. Kada kuma ka ƙirƙiri irin waɗannan guda goma a rana ɗaya. Biyu ko uku, a kan wuraren da ka san kana yawan zamewa.

A nan ne kuma za ka yi wa shirin gwajin gawa tun yana da rai, dabarar da Gary Klein ya yaɗa a 2007. Ka ɗauka ranar ta zo ta wuce kuma aikin ya wargaje. Ba kanka minti biyar ka rubuta dalilan da suka jawo haka, da sigar abin da ya riga ya faru: motar ba ta zo ba, fenti bai bushe ba. Zaɓi biyu mafiya yiwuwa, ka yi wa kowanne nasa "idan... to": idan ƙarfe tara ta yi mota ba ta iso ba, to zan kira direba na biyu, ga lambarsa a jikin takarda.

Mataki na bakwai: abin da ake maimaitawa, a yi masa jerin dubawa

Ranar 30 ga Oktoba 1935 sabon jirgin yaƙi na Boeing, samfurin 299, ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa a filin Wright da ke jihar Ohayo a Amurka. Matuƙin ƙwararre ne, amma ba a kwance makullin da ke riƙe sitiyarin jirgin ba. Daga wannan haɗari ne jerin dubawa kafin tashi ya samu gindin zama a harkar jiragen sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata na ɗakin tiyata mai layi 19. A gwajin asibitoci takwas da aka wallafa a 2009, mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Amma da aka wajabta irinsa a asibitocin lardin Ontariyo na Kanada, binciken 2014 bai ga wani canji na a-zo-a-gani ba. Takarda ba ta aiki idan an mai da ita abin sa alama a wuce.

Naka jerin ya zama gajere, layi biyar zuwa tara, kuma ya ƙunshi abubuwan da ake mantawa ne kawai, masu illa idan an manta. Ka sa masa lokacin karantawa, misali kafin rufe jakar tafiya. Duk sanda wani sabon abu ya kuɓuce maka, ƙara shi, ka cire wanda ya zama jiki.

Yaushe ake zaman tsarawa

Shirin zaune ya fi na tsaye, amma ba kowane zama ba. A 2003 Hans Van Dongen da abokan aikinsa suka taƙaita barcin mutane zuwa awa shida na kwana goma sha huɗu. Ƙwazonsu a gwajin mai da hankali ya yi ta raguwa har ya kai na wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, su kuwa suna cewa ɗan barci kaɗan suke ji. Damuwar kuɗi ma tana cin wuri a teburin: binciken da Anandi Mani, Sendhil Mullainathan, Eldar Shafir da Jiaying Zhao suka wallafa a 2013 ya nuna manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan girbi, da kuɗi a hannu, fiye da yadda su ɗin dai suka yi kafin girbi. Saboda haka manyan shawarwarin kuɗi a yanke su lokacin da aljihu ke da ɗan nauyi, a rubuta, lokacin matsi kuma a bi abin da aka rubuta.

Za ka kuma ji ana cewa ƙarfin hali kamar man mota yake, yana ƙarewa da yawan yanke shawara. Kada ka gina shirinka a kan wannan; da ɗakunan bincike 23 suka haɗu suka sake gwada shi a 2016, kusan babu abin da suka gani. Ƙarancin teburin tunani da illar rashin barci sun fi shi tabbas nesa ba kusa ba.

Sa rana ɗaya a mako, minti ashirin, a lokacin da ka fi wartsakewa, waya tana wani ɗaki. Soke abin da aka gama, rubuta ainihin lokacin da ya ci a gaban kiyasinsa, kwance damin da ya matso ka farfasa shi rana-rana, ka duba layukan da ke jiran wasu mutane ka ga wa ya kamata a taɓa. A tsakiyar mako kada ka sake buɗe shawarar da ka riga ka yanke, sai idan ɗaya daga abubuwa biyu ya faru: ranar ƙarshe ta motsa, ko ɗaya daga sharuɗɗanka uku ya karye. Duk wani sabon tunani da ya faɗo ban da waɗannan, rubuta shi a ƙasan takardar, ya jira zaman mako.